Hajiya Ladi Ta Tafi Hutu

Garin Garwa ne na ƙasar Kamaru, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 har ƙadangare ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya yana hutar da ita. Hajiya Ladi na ɗaure kaya, Malam Tanko na kan tabarma yana fifita da murfin kwano.

LADI: Malam, ka riƙe lissafin? Garin dawa na cikin shuɗin bokiti, busasshiyar yakuwa na rataye bayan ƙofa. Auta ba ya cin yaji. Sani kuwa kada a ba shi kuɗin lakwal a hannunsa.

TANKO: Haba Hajiya! Kwana uku ne fa, ba Makka za ki a ƙafa ba. Ni da nake auna auduga mota-mota lokacin kaka, yara biyar ne za su gagare ni?

LADI: Shida ne.

TANKO: Shida... To, ai na goye ban sa shi a lissafi ba, tunda da shi za ki tafi.

LADI: Tun kafin azumi na yaye shi. Ga shi nan bayanka yana cin takalminka.

TANKO: Kai, sakar min! Je ki abinki, Hajiya. Shekara 17 rabonki da Dije, ki huta, ki sha iskar Ngawundere. Na rantse ko ƙarar wayata ba za ki ji ba.

Mota ta tashi, ta haye gadar Binuwai. Ko Ngong ba a kai ba waya ta fara kuka.

TANKO: Hajiya, ba komai ba ne, gaisuwa ce. Ya hanya? Af, ashana fa?

LADI: Saman taga.

TANKO: Madalla. Sai gishiri.

LADI: Kusa da ashanar.

TANKO: Wanda ke kusa da ashanar na zuba, sai na ga miya na kumfa.

LADI: Kanwa ka zuba, Malam.

TANKO: To ai ita ma magani ce. Tambaya ta ƙarshe, don Allah. Cikin tagwayen nan wanne ne Hasan? Ɗaya ya karya sau biyu, ɗaya na kuka, kowa kuma na ce da shi Hasan sai ya amsa.

Allah ya taimaki Hajiya, daga nan mota ta shiga daji inda waya ba ta kamawa. Ta jingina kai da taga. Birai da ke zama bakin titi wajen gandun dajin Binuwai ba ta gan su ba. Da jandarma suka tsayar da mota ana nuna katin shaida, matar da ke kusa da ita ce ta zaro mata nata daga jaka. Hawan Falez ɗin nan mai kwane-kwane, inda fasinja ke salati direba na canza giya, munshari ta yi masa. Kusan kilomita 280, ba wanda ya ce Inna. Ni da nake ba ku labari, ban taɓa jin an yi barci mai albarkar wannan ba.

DIJE: Lale lale! Ladi, ke ce kika koma haka kamar sandar rake?

LADI: Ke kuwa, aminiya, kin ci gaba ta kowane gefe. Wai sanyin me nake ji haka? Da rana tsaka?

DIJE: Kin hau tudu, ƙawata, mun fi mita 1,000 sama da teku. Nan da bargo muke kwana ku kuna can kuna soyuwa. Zauna, hutu kika zo, ko cokali ba za ki ɗaga ba. Gobe in kai ki dutsen da garin ya ci sunansa, wanda ƙabilar Mbum ke kira dutsen cibiya, don wani curin dutse ne zaune a kansa kamar cibiya. Jibi mu je tafkin Tizon. Da yamma kuma mu leƙa tasha ki ga jirgin ƙasan da ke kwana yana tafiya Yawunde. Tun 1974 dogo ya iso nan, ku har yau sai dai labari.

LADI: Kai, alhamdu lillahi.

DIJE: Ɗan riƙe min wannan tukuna, in sauke tukunya.

LADI: Naki ne?

DIJE: Na tara kenan. Wancan mai ihu a ɗaki kuma na amaryarmu ne, kwanansa biyar. Wallahi Allah ne ya jefo ki, jibi suna, kuma tun muna 'yan mata ban ga mai hannunki a waina ba.

LADI: Dije, ɗazu kika ce ko cokali...

DIJE: Ai ba da cokali za ki zuba ba, da ludayi ne.

Sai bayan sha biyun dare gida ya yi tsit. Suka shimfiɗa tabarma a madafa kusa da murhu, shayi na tafasa a buta kan sauran garwashi, bargo ɗaya ya rufe ƙafafu huɗu.

DIJE: Kin tuna ranar da muka gudu daga makarantar allo muka je wanka bakin Binuwai?

LADI: Kika ga baƙin dutse cikin ruwa kika ce mu hau.

DIJE: Dutse ya buɗe baki!

LADI: Dorina guda! Kika bar zaninki a wurin, kika shigo unguwa da allona kin kare gaba.

DIJE: Malam ya yi mana bulala goma-goma, ya ƙara min biyar wai na wulaƙanta karatu. Ladi, akwai maganar da na shekara 17 ina ajiye miki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin san lokacin da aka kawo ni garin nan...

LADI: Ina jin ki.

Shiru. Ladi ta juya, ta tarar da Dije baki buɗe, kofi a hannu, ta yi nisa. Ta zare kofin a hankali, ta ce bari ta ɗan rufe ido kafin aminiyarta ta farka. Kiran asalatu ne ya tashe su, shi da waya.

TANKO: Hajiya, kina hutawa dai ko? Tambaya ce ta ilimi. In akuya ta ci littafin lissafi, wa malamin lakwal zai daka, yaro ko akuya?

Rana ta uku da magariba Hajiya ta sauka daga kan mashin a ƙofar gida, hannu duk tabon mai, kai ɗauke da kwali. Yara suka yo kanta da gudu suna Inna oyoyo, kafin ta yi sallama an yage takardar kilishi, an buɗe kwalbar zuma, Auta ya gatsa piya da ɓawonta.

TANKO: Sannu da zuwa, sannu da hutawa! Kin ga gida lafiya lau. Ya dutsen cibiya?

LADI: Cibiya ɗaya na gani, ta jariri, ni na gasa ta safe da yamma. Malam, wannan baƙin abin da ke jiƙe a bakin rijiya fa?

TANKO: Tukunyarki ce. Ta ɗan yi fushi.

LADI: Me yaran nan suka ci kwana uku?

TANKO: Fanke da wake da safe. Da rana wake da fanke. Da dare na bar kowa ya zaɓa.

LADI: Wa ya yi wa Auta aski rabi?

TANKO: Ana cikin yi aka ɗauke wuta. Amma ki tambaye su daɗin da suka ji. Jiya har filin Rumde Ajiya na kai su kallon ƙwallon ƙungiyar Coton Sport, filin da aka buga gasar Afirka a 2022. Shida na kai, shida na dawo da su, na ƙirga sau biyu.

LADI: Ɗaya, biyu, uku... Malam, wannan ɗan wa ne?

TANKO: Husaini mana.

LADI: Yaro, ya sunanka?

YARO: Mi yiɗi nyiiri.

LADI: Fillanci yake yi! Tuwo yake nema!

TANKO: Ai tun jiya na lura. Na ɗauka zafi ne ya sa ya manta Hausa.

SANI: Inna, Buba ne, ɗan gidan Dada Mairamu. Husaini na can, tun jiya suka aiko a zo a yi musaya. Shi ya ce ba zai dawo ba, can ana yin tuwo.

TANKO: Ka ga munafuki! Hajiya, gaskiya ni ma jikina ya gaya min. Ina ganin ranar Juma'a zan leƙa Marwa wajen abokina Malam Iro, kwana uku kacal, in ɗan huta.

LADI: 'Ya'yansa nawa?

TANKO: Goma sha ɗaya.

LADI: Allah ya kiyaye hanya. Ka tafi da ludayi. Sani, zo nan. Ungo kuɗin nan, gobe da sassafe ka je tasha ka yanko min tikitin Ngawundere na ranar Asabar ta sama. Kujerar taga.

TANKO: Wajen Dijen kuma? Yau fa kika dawo.

LADI: Kada wanda ya kuskura ya gaya wa Dije. Zuwa da dawowa za ka yanko, Sani. Ba sauka zan yi ba.

TANKO: Sani, tsaya. Tambayo min ko kujerar kusa da ita ba kowa.

LADI: Da mai ita. Nan zan ajiye wayata, a kashe.