Ko kifin teku sai ya ɗaure ƙwansa kafin ya tafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar ina zaune bakin tasha nan Argungu wani yaro almajiri ya tsaya gabana da robarsa, ba zai wuce shekara bakwai ba, ƙafa duk faso, rigar ma ta wani babba ce anka yanke mata hannu. Na ce malam ƙarami daga ina, ya faɗa min sunan ƙauyensu can wajen iyaka. Na ce yaushe rabonka da baba, sai ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya ce tun sallar layya waccan, ba wadda ta wuce ba. Wallahi tun jiya abin bai bar raina ba, shi ya sa na ce bari in rubuto muku wani abu da na jima ina karantawa kan halittun ƙarƙashin teku.

Mu nan Kabi ruwa ba baƙonmu ba ne, mun san Matan Fada, mun san giwan ruwa da tarwaɗa, mun san yadda gaiwa ke shigewa cikin laka ta kwashe rani cur a bushe har ruwa ya dawo. To amma teku wata duniya ce daban. Idan ka nutsa mita 200 haske ya fara ƙarewa, kafin ka kai mita 1,000 duhu ne ƙirin babu dare babu rana, ga sanyi, ga nauyin ruwa da zai murƙushe mutum. Duhun nan ne Allah Ya buga misali da shi a Suratun Nur aya ta 40, duffai sashe bisa sashe, mutum ya fiddo hannunsa da ƙyar ya gan shi. Kowa zai ɗauka babu abinci a can tunda babu rana balle tsiro. Sai a farkon shekarun 1980 masu bincike sunka sauka da ƙaramin jirgin nutso a tekun Meziko kusa da Florida ta Amurka, zurfin fiye da mita 3,000, sunka tarar da wani wuri inda iskar gas da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tsattsafowa daga ƙasa a hankali kamar idon ruwa, kuma wurin cike maƙil da rai. Abin da zai kashe ni da kai shi ne tuwon wasu ƙwayoyin bakteriya a can, su kuma sauran halittu da su suke rayuwa. Akwai wasu tsutsotsi dogaye cikin bututu, ba su da baki ba su da hanji, bakteriyar na cikin jikinsu tana haɗa musu abinci, kuma an ƙiyasta wasunsu na haura shekara 200 a raye. Babu baki amma arziki na zuwa. Subhanallah.

Na san a nan wani zai ce to ai ka gani malam, wanda Ya ciyar da tsutsa marar baki a ƙasan teku Shi zai ciyar da ɗana duk inda na kai shi. Gaskiya ne, Suratu Hud aya ta 6 ta faɗa, babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta na ga Allah, kuma Ya san matabbatarta da ma'ajiyarta. Amma tsaya ka ji abin da uwar kifin shak ke yi a irin wannan wurin.

Shi shak, kifin nan na teku mai haƙora, ba dukansu ke haihuwa iri ɗaya ba, da yawa ɗa suke haifa rayayye, wasu kuma ƙwai suke sakawa. Ƙwan ba irin na tarwaɗa ba ne da za a watsa dubbai a ruwa. Kowane guda yana cikin wata 'yar jaka mai tauri kamar fatar da anka jeme, a ciki akwai gwaiduwa babba wadda ɗan zai yi ta ci wata da watanni har ya ƙyanƙyashe, wato guzurinsa na tare da shi tun ranar farko. Sannan a wasu nau'in, kusurwoyin jakar na da wasu zaruruwa masu lanƙwasa, uwar sai ta yi ta kewaya wani abu mai ƙarfi har zaren ya nannaɗe ya kama, don kada igiyar ruwa ta ja shi. Kuma ba ko'ina take ajiyewa ba. A 2011 an fitar da rahoton samun tarin ƙwan shak da na danginsa a wuraren tsattsafowar gas daura da gaɓar ƙasar Chile da kuma cikin Bahar Rum, a 2021 kuma anka sake ganin wani gagarumin wuri a gabashin Bahar Rum, zurfin sama da kilomita ɗaya, ƙwai birjik da iyayen na shawagi a kai. Masana na ganin abin da ke jawo su shi ne a can akwai dutse da wurin maƙalawa a tsakiyar tekun da duk taɓo ne, ga kuma ƙananan halittu da ɗan zai samu ya ci in ya fito. Akwai ma wani ɗan uwan shak mai faɗi kamar faifai, a 2015 anka ga ƙwansa kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi a yankin tsibiran Galapagos na tekun Pasifik, shi ƙwansa a cikin sanyin nan yakan ɗauki kamar shekara huɗu kafin ya ƙyanƙyashe, sai uwar ta nemi inda ruwa ya ɗan fi ɗumi ta ajiye.

Dabba ce fa, ba hankali ba littafi ba hisabi a kanta irin namu. Ta zaɓi wuri, ta sa guzuri, ta ɗaure, sannan ta tafi. Da na karanta zancen zaren nan sai hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya faɗo min, mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali.

Ni ba ina zagin karatun allo ba ne, a can na fara kuma ina alfahari da shi, malaman tsangaya da yawa da aljihunsu suke riƙe ɗiyan mutane ba wanda ya san wahalar da suke sha. Maganata da kai ce uba. Ka sa yaro a mota da allo da tabarma ka juya, ba ka je ka ga inda zai kwana ba, ba ka san ko akwai makewayi ba, ba ka aika ko tiya ɗaya ta gero ba alhali rumbu na nan, kuma kana da kuɗin kati a waya kana kallon bidiyo har tsakar dare, sannan ka ce Allah ne mai ciyarwa. Hadisi ne ingantacce a Abu Dawuda cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke kansa. Na san akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da gona da gida, musamman 'yan uwanmu na Zamfara da wajen Zuru, su addu'a da taimako suke buƙata daga gare mu, ba su nake nufi ba. Wanda nake nufi ya san kansa.

Yaron na jiya na saya masa shinkafa da wake, bai ci a gabana ba, sai ya rufe robar da gefen rigarsa ya ce akwai ƙanensa a makaranta da ba shi da lafiya, tare za su ci. Na tambaye shi hanyar makarantar ya kwatanta min, in sha Allahu gobe bayan Juma'a zan je in ga malamin in karɓi lambar uban nasu.