Ku Daina Aiken Yara Sayen Sigari

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai. Dattijo da furfurarsa, zaune a majalisa, sai ya ƙwala wa ɗan maƙwabci kira: "Kai, karɓo mini kara biyu wurin mai tebur." Wani har cewa yake a kunno masa daga can! Yaron da ya riƙo sigari da wuta, me zai hana shi zuƙa a lungu? Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara-kara, amma mai teburin unguwarmu ko a jikinsa. Ranar da aka kama yaron a kango yana busawa da abokai, dattijon nan ne zai fara cewa ɗan wane ya lalace.