Wai Ce Muku Aka Yi Kunne Ɗaya Gare Ni?

Jama'a, wai me na tare wa masu yin iyafis ɗin nan mai araha ne? Wannan ne na huɗu da na saya tun bayan ƙaramar Sallah, kuma duk cutarsu ɗaya: sati biyu, kunnen hagu ya mutu murus! A shago mai kaya zai liƙa maka shi, ya ƙure ƙara, ya ce, "Yallaɓai, orijinal ne, ji sauti kamar gidan biki." Kwana kaɗan sai ka koma murɗa wayar a gindin fulogi, ka naɗe ta a yatsa, ka ƙame kamar gunki don kada sautin ya gudu, kiɗan kalangu kuma ya dawo kamar ana buga gwangwanin madara cikin rijiya. Na ce bari in koma na bulutut, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago! Kana kallon fim, jarumi ya buɗe baki ya rufe, ya fice daga ɗaki, sannan maganarsa ta iso. A shara wa mutum mari, har ya gama kuka kafin ka ji tas! Kwali ya ce awa takwas, amma minti arba'in wata mata ta fara yi maka shela cikin kunne wai caji ya ƙare, ga shi rabonmu da wuta tun jiya. Ka mayar masa, ya ce ba a karɓar kayan da aka buɗe. To da a cikin kwalin zan saurara?