Bakanike ya cuce ni a kan motar da na gada wurin Baba

Har yanzu da nake wannan rubutu raina bai daina tafasa ba. Motata na can gefen hanyar gona, bayan Maigana, ruwan Agusta na dukanta, kuma wanda ya jawo mini wannan asara yana zaune a garejinsa a Sabon Garin Zariya yana shan shayi kamar bai yi komai ba.

Land Rover ce, Series IIA, mai dogon bodi da ake kira 109, ƙirar 1969. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da ita ya yi noma shekara da shekaru, kuma a cikinta na koyi tuƙi. Injinta lafiya lau. Abin da ya gaji shi ne ƙasanta: sifirin ya kwanta, shokozoba ta mutu, ga shaf ɗin aksil na baya, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, da ya taɓa karye mini. Duk wanda ya san wannan mota ya san raunin yana nan, domin shaf ɗin mai haƙora 10 ne, ba ya jure kaya mai nauyi a laka. Shi ya sa da kamfanin ya fito da Series III a 1971, sai dogayen suka koma zuwa da wani aksil mai ƙarfi da ake kira Salisbury a baya, wanda shaf ɗinsa ke da haƙora 24. Shi nake so. Na faɗa wa bakaniken da bakina, na nanata, na ba shi kafin alƙalami, na ce idan babu a Zariya a duba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuɗin mota a kaina.

Ya ce sati biyu. Wata biyu motar ta yi a wurinsa. Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe babu wuta mai walda bai zo ba, jibi wayarsa a kashe. Na yi ta sintiri daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari a Keke Napep, damina tana ta shigowa, takin da na saya yana jibge a zaure.

Ranar da ya kira ni, sai ya ce, "Alhaji, Salisbury bai samu ba, amma na samo maka wanda ya fi shi, na Range Rover. Wallahi za ka gode mini." Na leƙa ƙasa na ga tsohon kwankwason aksil ɗina ne an shafa masa baƙin fenti, cikin kawai aka sauya. Na ce, "Malam, ka tabbata ya yi daidai da na gaba?" Ya dafa ƙirji ya ce shekararsa ashirin a wannan sana'a. Na yarda da shi, domin amana na ba shi.

A kan kwalta kuwa ta yi daɗi. Daga PZ har Dakace gudunta ya ƙaru, ƙugin injin ya ragu. Ashe a nan cutar take. Wannan mota a kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke ja. Sai ka danna ɗan maɓallin nan mai ruwan ɗorawa, ko ka ja jan liba, sannan gaba da baya su haɗu su zama abu ɗaya, shi ake kira taimako. To, aksil ɗin Series, farfela sai ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Na Range Rover kuwa sau 3.54 ne. Wato da ka sa taimako, tayar baya tana neman yin juyi huɗu a daidai lokacin da ta gaba ke yin uku. Baya na turi, gaba na tirjiya, kamar ka haɗa sa da jaki a garma ɗaya. Ƙarfe ne zai biya kuɗin wannan rigima.

Haka kuwa aka yi. Buhu 12 na taki na ɗauko. Da muka sauka daga kwalta muka iso wani kwari mai taɓo, na danna taimako. A cikin lakar tayoyi na sulɓi, sai dai na ji motar tana wani irin fizge-fizge. Muna hawa kan busasshen marmara, sitiyari ya ƙage a hannuna, ta yi tsalle sau biyu, sai ji na yi ƙas! kamar an karya itace. Da muka zare shaf ɗin, bakinsa ya murɗe kamar igiya, man giya na zuba da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a tafin hannuna. Ni da yarona muka kwashe takin nan buhu-buhu a kan babura, a cikin ruwa, biyu sun jiƙe sun narke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gane wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Kafin ka ɗaura, ƙirga haƙoran giyoyi biyun da ke cikin aksil ɗin kawai: na Series 47 ne da 10, na Range Rover 46 da 13. Yaron gareji ma zai iya da guntun alli. Ko dai bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru saboda ragowar kuɗina ta zauna a aljihunsa. Kowanne ne, zalunci ne.

Sifirin ma ban tsira ba. Na biya kuɗin sabo, ashe tsohon ya kai wa maƙeri aka gasa a wuta aka lanƙwasa, aka cusa ganye biyu na wata babbar mota. Sifirin da ya sha wuta ya mutu, sati ɗaya ya sake kwanciya. Robobin bushin kuma ya ɗaure su tam motar tana kan jak, alhali sai an sauke ta nauyinta ya zauna ake ɗaurewa. Duk sun yayyage. Yanzu ta karkace gefe ɗaya.

Da na koma wurinsa da guntun shaf ɗin a hannu, ko kunya babu ya ce, "Ai Alhaji tsohuwar mota ce, sai haƙuri." Haƙurin me? Motar da ta shekara hamsin da ɗoriya tana shiga fadama tana fita, tsufa bai kayar da ita ba sai da ta shiga hannunka! Na ce ya dawo mini da tsohon cikin aksil ɗina mai 4.7, sai ya sunkuyar da kai, wai yara sun haɗa shi da kayan gwangwan sun sayar a kilo.

Na kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyarsu, an sa mana ranar Asabar. Zan je da shaf ɗin, da rasit, da hoton haƙoran da na ƙirga da hannuna. Idan ba a biya ni ba, kotu za ta raba mu. Masarata kuwa tana can ganyenta ya fara ja saboda takin bai isa gare ta a kan lokaci ba.