Sankara a Gombe: a daina fakewa da "jahilcin mata"

Watan Oktoba ya sake wucewa da rigunansa masu ruwan hoda, da tattaki a kan manyan tituna, da hotuna a Facebook, da kuma jawabin da kowa ya riga ya haddace: wai matanmu na mutuwa da sankarar mama ne saboda jahilci, don haka a ƙara wayar da kai. Wannan magana ta ishe ni. Masu maimaita ta ba su taɓa auna ta ba, kuma tana yi musu daɗi a baki ne domin tana sauke laifi a kan marar lafiya, ta bar kowa da kowa da hannu a wanke.

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 ya nuna an samu sababbin masu sankara iri-iri kusan 128,000 a Najeriya cikin shekara guda, kusan 80,000 kuma suka rasu, sankarar mama ce a sahun gaba. Likitocinmu sun daɗe suna cewa akasarin matan da ke zuwa musu sun riga sun kai mataki na uku ko na huɗu, wato cutar ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021, tana son a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun a mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala gwaje-gwajen tabbatar da cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Kwana 60. To ina watannin nan suke salwanta a wajenmu?

A ɗauki mace a wani ƙauye na Nafaɗa ko Dukku. Ta taɓa ƙullutu a mamanta tana wanka. Ba ya ciwo, kuma tana shayarwa, sai ta ɗauka nono ne ya kwanta. Uwar miji ta ce a dafa ruwan zafi a gasa. Bayan wata biyu ta aika yaro kemis, aka ba ta kafso na kwana biyar. Da abin ya ƙi, ta faɗa wa maigida, shi kuma ya ce a bari a girbe wake a samu na mota, wanda ba mugunta ba ce, lissafin aljihu ne. Kafin nan an gwada mai magani, wanda yake kusa, yana jin Fulatanci, yana karɓar kaza ko alkawari, kuma ba zai ce ta buɗe ƙirji a gaban ɗalibai ba. Ranar da ta isa ƙaramin asibiti, ma'aikacin da ta samu namiji ne, shi ma ya rubuta mata wani kafson. Sai a karo na uku aka ce ta tafi Gombe. A can kuma akwai kati, da hoto, da yankar tsoka a kai ɗakin gwaji, da "ki dawo bayan sati uku", da inda za ta kwana ita da mai rakiya. Ga kuma abin da ke cin ranta wanda ba ta faɗa wa kowa ba: ta ji labarin wadda aka cire wa mama, mijin ya ƙaro aure.

A wane mataki ne jahilci ya kashe wannan baiwar Allah? Ta ga alama, ta nemi taimako har sau huɗu ko biyar. Biyu daga cikin jinkirin ma ma'aikatan lafiya ne suka jawo su. Amma idan ta iso da gyambo yana wari, ita za a harara a ce "Baba, me ya sa kika zauna har yanzu?" An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai fannin ilimi sukutum da aikinsa ke nan: binciken halayyar mutane kan lafiya, wato gano abin da ke sa mutum ya je gwaji ko ya ƙi, sannan a gwada dabarun sauya hakan a ga wacce ta yi aiki. A Ingila mutane na yin digirin digirgir a kai, su samu kujerar farfesa, su yi ritaya a kai. Ga misali ɗaya da ya kamata masu tattakinmu su ji. Can gwajin sankarar hanji kyauta ne, har gida ake aiko da kayan gwajin, amma duk da haka mazauna unguwannin talakawa ba sa yi kamar masu hali. Marigayiya Farfesa Jane Wardle ta wata jami'a a Landan da abokan aikinta suka gwada dabaru huɗu a kan dubban ɗaruruwan mutane, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2016. Takardar bayani da aka sauƙaƙa wa harshe ba ta canza komai ba. Takarda mai ɗauke da labaran waɗanda suka yi gwajin ita ma haka. Sanya sunan asibitin likitan da mutum ya saba gani a cikin wasiƙar gayyata ya ƙara yawan masu yi, amma bai rage tazarar talaka da mai kuɗi ba. Abin da ya ɗan rage tazarar shi ne wasiƙar tuni da aka gyara wa kalmomi. Wato a ƙasar da kusan kowa ya iya karatu, ƙarin bayani shi ne ya fi faɗuwa a jarrabawar. Mu kuma a nan mun ɗora dukkan fatanmu a kansa ba tare da jarrabawa ba.

Za a ce ai jami'o'inmu na bincike. Na ga irinsa. Ɗalibi ya raba takardar tambayoyi ga mata 200 a layin awon ciki a cikin gari, ya gano cewa "sani ya yi ƙaranci", ya ba da shawarar a ƙara wayar da kai, ya karɓi takardar shaidarsa ya nemi aikin banki. Matar Nafaɗa ba ta cikin wannan layi, shi ya sa ba ta cikin sakamakon. Kuma ban ga laifin ɗalibin ba. Wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam ko na zamantakewa a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, wace ƙofa ce a buɗe gare shi a ma'aikatar lafiya? In ya yi sa'a wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi tattara bayanai na wata uku, kuɗin suka ƙare, ya koma gida. Masu cewa a fara sayo injinan gashin sankara tukuna kuwa, sai su tuna cewa inji ba ya zuwa ƙauye ya ɗauko mara lafiya.

Abin haushin shi ne mun riga mun biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, ba ƙarancin sanarwa a rediyo ba ne ya jawo. Mutane na tune da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, kuma suna tambayar me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta alhali babu maganin zazzaɓi a asibiti. Sai da aka saurari wannan, aka shigo da sarakuna da malamai, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidajen da suka san su, kafin a kai ga shaidar kawar da cutar a 2020. Da aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, Bauchi a rukunin farko, Gombe a na biyu a 2024, tsohuwar jita-jitar hana haihuwa ta sake tasowa, wasu jami'ai kuma suka yi ta mamaki kamar yau suka zo duniya. Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 8,000 a ƙasar nan a 2020, alhali ana iya tare ta da gwaji mai araha.

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin asibitoci shida da aka fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza. Madalla. Amma wa ke kaiwa ga asusun? Matar ma'aikaci da ke Tumfure, mai waya da ɗan'uwa nas, ko wadda sai ta sayar da akuya kafin ta ga Tashar Dukku a Gombe? Ya kamata a ce akwai wanda albashinsa ya dogara da amsa wannan tambaya duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, dukkan 11.

Ba abu ne mai wuya ba. Cibiyar binciken cutar daji ta ƙasa ta ware guraben karatu da na aiki na dindindin ga masu wannan fanni, jihar ta ɗauki ko da kaɗan ne, masu jin Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, rabinsu mata. A gwada abubuwa a cibiyoyin lafiya na gundumomi 114: ranar gwaji ta mata zalla, bai wa mace auduga ta ɗebi samfurin gwajin bakin mahaifa da kanta kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, biyan kuɗin mota, horar da masu kemis su daina ba da kafso a kan ƙullutu. Wanda bai yi aiki ba a jefar da shi, ko da matar wani babba ce ta ƙaddamar da shi. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci yaƙin shan inna. Ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Masu shirya tattakin baɗi kuma, kafin su ba tela kwangilar riguna, su fara gaya mana mata nawa ne daga wajen birnin Gombe aka gano cutarsu a mataki na ɗaya sanadiyyar tattakin bana.