Saurin Lee-Enfield ba daga harsashi goma kaɗai yake ba

Wani marubuci ya ce harsashi goma da take ɗauka ne ya sa bindigar Lee-Enfield ta fi bindigar Mauser 98 saurin harbi, amma ya tsallake sakata, wato ƙarfen da ake ja a tura don ɗora harsashi. Haƙoran kulle na sakatar Lee-Enfield a baya suke, ɗagawar hannu digiri 60 ce kawai maimakon 90 na Mauser, kuma tana ɗana kanta ne lokacin da ake turawa gaba, shi ya sa soja ke harbi ido na kan saiti. Amma harsashinta, .303, yana da leɓe a gindi. In leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa a cikin gidan harsashi, sakata ta cije ke nan. Lee-Enfield ɗin ce sojojinmu suka riƙa a yaƙin Bama, don me marubucin ya ƙi ambatonsu?