Kafin ku sayo gwangwanin madara: nasiha ga sababbin iyaye a Sakkwato

Assalamu alaikum. Da ku nake, 'yan uwana matasa magidanta da matanku, musamman masu jiran haihuwar fari da waɗanda ke cikin jego yanzu. Da gangan na sa maza a gaba. A gidajenmu da wuya ka ga macen da ta zauna ita kaɗai ta yanke cewa ba za ta shayar ba. A makon farko ne baki ke yin yawa: uwar miji, inna, ungozoma, maƙwabciya, sai maigida da kukan dare ya ishe shi ya biya kemis ya sayo gwangwani. Kowa da kyakkyawar niyya. Kafin a yi arba'in nono ya ja baya, sai a ce ai dama ita ba ta da ruwan nono.

Mata ƙalilan ne jikinsu ya gaza samar da nono da gaske. Nono kamar rijiya yake, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa. Tsotson jariri ne ke aika saƙo ga jikin uwa ya ƙara, in kuma nono ya daɗe cike ba a zuƙe shi ba, jiki ya ɗauka ba a buƙata ya rage. To duk lokacin da aka cika cikin yaro da ruwa ko madara, zai yi barci ya tsallake tsotso ɗaya ko biyu. Gobe nono ya ragu, yaro ya yi kuka, a ƙara masa madara, jibi ya ƙara raguwa. Kusan duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga wannan.

A fara da dakashi, ruwan nan mai kauri mai ɗorawa-ɗorawa da ke fitowa a kwana biyu ko uku na farko. Har yanzu akwai gidajen da ake tatse shi a zubar, a ce datti ne, a riƙe jariri da ruwan ɗumi ko nonon akuya sai "nono na gaskiya" ya zo. Wasu ma sai an gwada: a tatsa a ƙoƙo, a jefa tururuwa, in ta kasa fita a ce nonon ba ya da kyau. Tururuwa ta maƙale ne saboda kauri, kaurin nan kuwa shi ne amfaninsa. Dakashi cike yake da garkuwar jiki da ke shafe hanjin jariri, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage ciwon shawara. Kaɗan yake zuwa, kuma daidai ke nan, don cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba a sha guda, wato mililita 5 zuwa 7. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, ya kama nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Uwa ma tana amfana, domin tsotson na sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. Wadda aka yi wa tiyata kan samu jinkirin zuwan nono, kuma a nan ne gwangwani ya fi shiga. Ta roƙi nas ta tallafa mata ta shayar a kwance da zarar ta farfaɗo, ko a tatsi dakashin a ba shi da cokali.

Batun tofi da rubutu da ruwan zamzam ba abin faɗa da iyaye ba ne. Uwa ta sha, a shafa wa jariri a jiki. Zuma dai kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Sai ruwa, wanda shi ne babbar gardama a garin nan. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, babba ma jarka yake nema. Kaka ta dubi jikanta ta ce, "Ku ba yaron ga ruwa, ƙishirwa shika ji." Tausayi ne ya sa ta faɗa, kuma gaskiyarta yana jin ƙishirwa. Amma kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Na farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Maganin zafi shi ne a yawaita ba shi nono, uwa kuma ta sha ruwa duk lokacin da ta zauna shayarwa. Ruwan da aka ɗura wa jariri ɓarna biyu yake yi. Yana cinye gurbin abinci a ɗan ƙaramin ciki, sannan yana shigo da abin da ke cikin randa, ko jarkar ɗan garuwa, ko kofin da kowa ke sha. Daga nan gudawa ke farawa, gudawa kuma ita ce ƙofar tamowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ake ba nono zalla, alhali kusan kowace uwa tana shayarwa. Ruwan nan da ake gani ba komai ba yana cikin manyan abubuwan da suka jawo wannan tazara. Kai maigida, kai ne za ka zauna da Inna ka yi mata bayani cikin ladabi, tun kafin haihuwa. Kada ka bar wa amarya 'yar shekara sha takwas gardama da surukarta, ba za ta iya ba.

"Nonona ba ya isarsa." Wannan ita ce maganar da ta fi kai mata ga madara, kuma yawanci da kuka ake auna ta. Kuka ba ma'auni ba ne. Yaro na kuka don zafi, don jiƙewa, don iska a ciki, don yana son a ɗauke shi. Sabon jariri na shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, wani lokaci da magariba ya yi ta nema a kai a kai, kuma duk lafiya ce. Ma'auni na gaskiya fitsari ne da sikeli. Daga kwana na 5 ko na 6, in yana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a rana, fitsarin ba ja ba, kashinsa ya koma ɗorawa, to yana samu. Kowane jariri kan ɗan rame a kwanakin farko, sannan ya dawo nauyin haihuwarsa wajen mako biyu. Ku kai shi awo a gani a kati. In bai dawo ba, ko fitsari ya yi ƙaranci, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laƙwas ba ya tsotso, asibiti za ku nufa ranar, ba kemis ba.

Sau da yawa matsalar a kamun nono take. Yaron da ya kama kan nono kaɗai zai daɗe yana tsotso bai samu komai ba, ya kuma tsattsaga wa uwa fata har ta riƙa fargabar ba shi. Ga yadda ya kamata: a juyo da shi cikinsa na fuskantar cikin uwa, kansa da jikinsa a miƙe, hancinsa daidai kan nono. A jira ya wage baki sosai sannan a jawo shi. In ya kama daidai, haɓarsa na taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono an fi ganinsa ta sama da bakinsa fiye da ta ƙasa, kuma za a ji yana haɗiya. In da zafi, uwa ta sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ta cire shi a sake. A bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin a juya shi, don ya kai ga mai maiƙon. In nono ya cika ya yi tauri, a tatsa kaɗan ya yi laushi sannan a ba shi. In ya kumbura ya yi ja ga zazzaɓi, a ci gaba da shayarwa a je a karɓi magani. Dainawa ce ke sa ya tara ruwa har a kai ga tsagawa.

Mai jego na buƙatar ƙarin abinci, kusan kwano guda a kan abin da ta saba ci a rana. Ba sai na tsada ba: fura da nono, kunun gyaɗa, wake, zogale, ƙwai, kifi ko nama in an samu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ciyar da uwar da tufatar da ita a wuyan uba. Maza sun fi haddace rabin farko. Kuɗin gwangwani ɗaya in aka juya shi cefane zai ciyar da uwa kwanaki. Kunun kanwa kuwa a sassauta. Ba ya ƙara nono, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Ma'aikata da ɗalibai uzurinsu na gaske ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma aiki, amma mako 12 bai kai wata 6 ba, jarrabawa kuma ba ta jiran kowa. Mafita ita ce tatsa. A wanke hannu da sabulu, a sa babban yatsa sama da baƙin nono, manuniya a ƙasa, a danna ciki wajen ƙirji sannan a matse a saki, ana zagayawa. A tara a kofi mai murfi da aka tafasa. A ɗaki mai sanyi yana kai sa'a 4, a firij mai wuta tsayayya kwana 4. Da bazarar Sakkwato kada a dogara da sa'a huɗun nan, a sa kofin cikin kula mai ƙanƙara. Mai reno ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, ba a tafasa shi, sai dai a tsoma kofin a ruwan ɗumi. A fara koyon wannan mako biyu kafin komawa aiki.

Akwai kuma masu ganin gwangwani wayewa ce, ko masu tsoron nono ya zube. Ciki da shekaru ne ke sauya surar nono, ko an shayar ko ba a shayar ba. Tallar madara kuwa tun 1981 aka kafa mata ƙa'ida ta duniya, a nan gida NAFDAC ke sa ido a kanta, kuma ƙa'idar ta hana raba wa iyaye mata samfurin kyauta. Wanda ya miƙa miki gwangwani kyauta ya san na biyu saye za ki yi.

Ku yi lissafi tun kafin ku buɗe na farko. Jariri na buƙatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 4 zai sha mililita 600, wato wajen cokalin awo 20 na garin madara, gwangwani mai giram 400 ba zai wuce kwana 4 ko 5 ba. A wata shidan farko ana buƙatar kusan kilo 20 na gari, gwangwani 50 ke nan. Ka tambayi farashin ɗaya a kasuwa yau ka ninka. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne a fara da ƙarfi, wata na biyu aljihu ya gaza, nono kuma ya riga ya ƙafe. Sai a shiga tsinka madara, cokali ɗaya a ruwan da ya kamaci uku, ko a koma madarar shayi ta leda da koko. Madarar shayi ba abincin jariri ba ce. Yaro zai cika ciki yana ramewa, ruwan da ya yi yawa kuma na iya rage gishirin jininsa har ya yi jijjiga.

Wani lokaci madara dole ce: uwa ta rasu, ko tana jinya mai tsanani, ko tana shan maganin da likita ya ce bai dace da shayarwa ba, irin na ciwon daji. Wadda ta samu kanta a haka kada a goranta mata. Kafin gwangwani a duba ko akwai 'yar uwa mai shayarwa da za ta karɓa, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah (SAW). A yi mata gwajin jini, a kuma rubuta a ajiye saboda hukuncin aure tsakanin 'yan uwan shan nono. Mai cutar HIV da ke shan maganinta a kan ƙa'ida, shawarar ma'aikatan lafiya a Najeriya ita ce ta shayar da nono zalla wata 6, kada ta gauraya da komai.

In dai madarar za a ba, a yi ta daidai. A sayi ta 'yan wata 0 zuwa 6, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Garin ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake tafasa ruwa, ko da na leda ne, a bar shi ya huce bai wuce minti 30 ba, don zafinsa kada ya gaza digiri 70. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Yawancin kamfanoni cokalin awo ɗaya shafaffe ne ga mililita 30, amma a karanta jikin gwangwanin, kuma da cokalinsa kaɗai za a auna. Ƙara gari don yaro ya yi ƙiba na wahalar da ƙodarsa. A sanyaya ta hanyar tsoma kofin a ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da ya rage bayan sa'a 2 a zubar, kada a ajiye a filas zuwa dare. Kofi ya fi fida, don lungunan fida da robar bakinta ba sa wankuwa sai da buroshi da tafasawa kowane sha, wanda kuwa zai yi haka sau takwas a rana sai ya tanadi gawayi ko gas na musamman. Gwangwanin da aka buɗe kada ya wuce wata guda.

Saura kwanika. Da zarar an ga ciki sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka, a ce nonon ya lalace. Bai lalace ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana ghila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Malamai sun fassara ghila da saduwa da mai shayarwa, wasu kuma da shayarwa da ciki. Mai ciki lafiyayya na iya ci gaba da shayarwa, ta ƙara abinci, sai in tana zubar jini ko tana da tarihin ɓari ko haihuwar bakwaini, nan ta nemi shawarar likita a wurin awo. In za a yaye, a yi a hankali: a janye shan rana ɗaya, bayan kwanaki a janye wani, na dare ya zo ƙarshe, ana maye gurbinsu da kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai, da ɗan manja a cikin abinci.